Muryar Iya Mai Keke

Tsofaffin ma'aikatan kamfanin kwalabe ne suka laƙaba masa suna Mai Rikoda, sunan kuwa ya bi shi har cikin jami'a. Ƙaramin malami ne a sashen tarihi, yana kuma neman digirinsa na uku a kan wani dogon yajin aiki da aka yi a kamfanin tun ba a haife shi ba. Kamfanin kansa ya daɗe da durƙushewa. Abin da ya rage sai katanga, da bututun hayaƙi mai tsaga a gefe, da layukan gidajen ma'aikata da har yanzu ake ce wa kwatas, inda tsofaffin da ba su da wurin komawa suka ci gaba da zamansu.

Da fari takardu ya bi. Ya yi wata da watanni a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu yana atishawa, bai samo komai ba sai bakin kamfani da bakin jarida: an kashe tanderu, an yi asara, an zauna an sasanta. Farfesar da ke duba aikinsa, wata 'yar ƙaramar mace da ba ta ɗaga murya, ta karanta abin da ya kawo ta mayar masa.

"Waɗanda suka rubuta wannan ba su ne suka kwana da yunwa ba," in ji ta. "Masu abin suna nan da ransu, mota ɗaya za ka hau ka same su. Je ka zauna a gabansu ka saurara tun ƙasa ba ta rufe idonsu ba."

Ta kuma kafa masa sharuɗɗa. Kowace hira ta fara da muryar mai maganar yana cewa ya yarda a ɗauka. Kada ya sa wa kowa magana a baki. In mutum ya yi shiru a bar shi da shirunsa, in kuma ya ce a tsaya, to a tsaya.

Mazan kwatas ba su ba shi wahala ba. Da ya iso za a jawo benci a ƙofar shagon mai gyaran rediyo, a fara. Sai dai duk bakinsu ɗaya ne kamar sun haddace: zafin tanderu da ke ƙone gashin gira, safar hannu da aka hana su, ranar da suka ajiye aiki, ranar da kamfani ya sauko. Kowane labari kuma sai ya biya ta kan mutum ɗaya, sakataren ƙungiyarsu, wanda har ya koma ga Allah Sakatare kawai ake ce masa. Dogon mutum ne, in ji su, mai hawa kan tebur ya yi magana ba lasifika a ji shi har bakin titi, kuma ba a taɓa lanƙwasa shi ba. In Mai Rikoda ya nemi ƙarin bayani sai su ce, "Je ka ga matarsa a layin ƙarshe, Iya Mai Keke. In ta ga dama za ta yi magana."

Gidanta ɗaki ne da falo. Keken ɗinki irin na ƙafa yana jikin taga saboda haske, kwandon ƙyallaye a gefensa, hoton Sakatare a bango ya koɗe har wuyan rigarsa ya haɗe da nasa wuyan. Iya ta manyanta ƙwarai, amma har yanzu tana zura zare a allura ba tabarau. 'Ya'yanta uku: babbar nas ce a asibitin cikin gari, kowa Anti Nas yake ce mata, sai maza biyu da aiki ya kai su nesa.

Ranar farko ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yau Allah ya kawo mini miji. Amma angon nawa haka zai zo hannu rabbana?"

"Iya, ai ni kaina tsaraba ne."

"Da wannan ramar? Wanda na rabu da shi ya yi biyunka. Zauna dai kada iska ta kwashe ka."

Ya ɗora rikodar a kan 'yar kujera tsakaninsu. Ta leƙa ta, ta taɓa ta da ɗan yatsa.

"Wannan ɗan abin kamar sabulun wanka, shi zai riƙe maganata?"

Ya yi mata bayani. In jar fitilar nan tana ci, to tana saurare. Duk lokacin da Iya ta ce a kashe, zai kashe, kuma ba abin da zai fita sai da saninta. Ta sunkuya ta ce wa rikodar, "Na yarda," da ƙarfi kamar mai magana da kurma, suka yi dariya tare.

A wurinta ya fara jin abin da mazan ba su faɗa ba. Yadda kamfani ya toshe famfon kwatas, mata suka koma ɗibar ruwa a wani rami bayan katanga. Yadda suka haɗa tukwane layi guda, wadda take da gishiri ta kawo gishiri, wadda ba ta da komai ta kawo itace. Yadda ita ce ta ɗinka babban ƙyallen da aka riƙe a gaban zanga-zanga, da zanen gadonsu guda ɗaya tilo, Sakatare ya yi ta kwana a kan katifa ba shimfiɗa bai taɓa tambayar inda zanen ya shiga ba. Tana magana ƙafarta na kan keke, ta taka, ta tsaya, ta ciji zare, ta ci gaba. Ya riƙa zuwa duk mako. Har ya kai in ya makara za ta ce ko ya samu wata budurwar ce a hanya.

Wata rana da yamma tana sa wa wani siket ɗin makaranta zif, ya tuna wani layi ɗaya da ya gani a takardun kamfani.

"Iya, na ga an rubuta wai an rufe wa masu yajin aiki asibitin kamfani. Kin tuna wannan?"

Keken ya tsaya. Ta daɗe tana kallon zif ɗin, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kashe abin nan."

Ya miƙa hannu. Babban yatsansa ya hau kan maɓallin, yana jin santsinsa. Daga baya ya sha tambayar kansa ko a lokacin ya yanke shawara ne ko hannunsa ne kawai ya ƙi, amma bai taɓa samun amsar da za ta wanke shi ba. Bai danna ba. Kifar da rikodar ya yi, jar fitilar ta koma tana kallon katakon kujera.

"Na kashe, Iya."

"Nas ba ita ce ta fari ba," in ji ta.

Akwai yaro kafin ita, namiji, lokacin ya fara rarrafe. Ruwan ramin nan ne ya ɓata masa ciki, ga zazzaɓi, har ya daina karɓar nono. Ta goya shi ta tafi asibitin kamfani. Mai gadin ƙofa ya san ta, ita take yi wa matarsa ɗinki, amma ya ce umarni ne daga sama: ba a karɓar katin iyalin mai yajin aiki sai mijin ya zo ya sa hannu cewa ya koma bakin aikinsa. Ta juya ta nufi wurin taro. Sakatare na kan tebur yana magana, da ya hango ta ya sauko. Ya saurare ta, ya kwance yaron daga bayanta ya rungume shi, ya dubi mutanen da suka cika wurin suna jiransa. Ya ce mata in ya sa hannu yau, gobe kowa zai sa, wahalar da aka sha duk ta tashi a banza. Ya ce su tafi asibitin gari. Babu mota, direbobi ma sun shiga yajin don taya su, sai ta sake goya shi suka kama hanya a ƙafa.

"Ban san daidai inda ya cika ba," in ji Iya. "Na dai ji nauyinsa ya sauya a bayana. Ban gaya wa babansa ba, muka ci gaba da tafiya. Ina ganin in ban faɗa ba, bai faru ba."

Sakatare bai sake ambaton sunan yaron ba har ya mutu. Abu ɗaya ya roƙe ta: kada a sa ɗansa cikin maganar yajin aiki, ko a bakin masu yabo ko a bakin masu zagi. Maƙwabta sun san yaro ya rasu, amma yara da yawa sun tafi a shekarar, ba wanda ya bi diddigi, da aka haifi Nas kuma sai maganar ta binnu.

Ta goge idonta da wani ƙyalle daga cikin kwando. "Kai ka iya zama shiru, shi ya sa. Nawa yaran da na fara magana sai su ce, Iya kin sha maganinki? Wannan ba na takardarka ba ne, angona. Na ba ka ne ka taya ni riƙewa."

"Na ji, Iya," ya ce, idonsa a ƙasa. Da zai tafi sai da ya jira ta juya neman almakashi sannan ya ɗauki rikodar ya kashe ta a cikin aljihu.

A mota ya yi wa kansa alkawarin da ya isa ofis zai goge. Da ya isa ya ce bari ya saurara sau ɗaya tukuna. Ya sa abin ji a kunne, muryar ta fito tar, har da ƙarar zif ɗin da take wasa da shi a hannu. Bai goge ba. Hujjoji suka yi ta zo masa ɗaya bayan ɗaya, kowace da kyan fuskarta. Iya ta tsufa, in ta mutu maganar ta mutu da ita. Kamfani ya yi zalunci, kuma ga shaidar da ba ta cikin kowace takarda. Zai ajiye kawai, wata rana ya nemi izininta. Amma neman izinin yana nufin ya gaya mata bai kashe ba, wannan kuwa bakinsa ba zai iya ba. Sai ya fara janye jiki daga layin ƙarshe. In ya shiga kwatas ya tsaya a shagon mai rediyo, ya aika mata da gaisuwa, ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ana nan sashen tarihi ya shirya taron gabatar da bincike, har da baƙi daga wasu jami'o'i. Farfesa ta duba abin da zai karanta ta ce ya fi na da nesa ba kusa ba, sai dai har yanzu jarumai kawai take gani, ba ta ga abin da yajin ya ci wa mutane ba. Maganar ta tsaya masa a rai. Ya ce a ransa ai zaure ne na malamai da ɗalibai, ba ɗan kwatas ko ɗaya. Ba zai faɗi sunanta ba, zai ce wata mata ce. Ya yanko wurin da ta fara daga ƙofar asibiti zuwa inda nauyin yaron ya sauya.

Da muryar Iya ta cika zauren, ko tari ba wanda ya yi. Wata ɗaliba a layin gaba ta rufe fuska da littafi. Da aka gama aka yi ta tafi, wani babban malami baƙo ya riƙe hannunsa ya ce irin wannan ne tarihi, ya karɓi lambarsa. Mai Rikoda ya ji daɗi, ba zai ce bai ji ba. A baranda Farfesa ta tsayar da shi.

"Matar nan ta san za ka saka wannan a gaban jama'a?"

"Ranki ya daɗe, akwai izininta a farkon hirar, da muryarta."

Kowace kalma a cikin amsar gaskiya ce, amma shi ya san ƙarya ya yi. Farfesa ta dube shi ɗan lokaci, ta gyaɗa kai ta wuce.

Abin da bai lissafa ba shi ne wayoyin ɗalibai. Wani ya ɗauki wurin a waya ya tura wa abokansa, su ma suka tura, kafin mako ya zagayo abin ya fita daga jami'a. A hanya wani ya ɗora masa rubutu a sama: shugaban da ya zaɓi kujerarsa ya bar ɗansa ya mutu. A kwatas kuwa ba a bukatar suna. Mutum ɗaya ne ke hawa tebur, kuma ba wanda bai san muryar da ke tambayarsa awon ƙugunsa ba.

Yana ofis da wasu ɗalibai biyu suna duba sakamakon jarrabawa aka yi sallama. Mace ce mai shekaru sama da nasa, cikin fararen kayan aiki, da jaka a kafaɗa. Sau ɗaya ya taɓa ganinta a gidan Iya, amma nan take ya gane Anti Nas ce. Ya sallami ɗaliban.

"Anti, sannu da zuwa. Bismillah, ga kujera."

"A'a, Malam, daga aiki nake, ba zan daɗe ba." Ta tsaya a bakin tebur, hannayenta a kan jakar. Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Jiya muna shan shayi a ɗakin hutu, wata abokiyar aikina ta ce in zo in ji wani abin tausayi a wayarta. Na sa kunne, sai na ji uwata. A nan na ji cewa ina da yaya. Duk rayuwata ni ce babba a gidanmu, ni ake ce wa ta fari. A gaban mutane na ji, Malam, da kofi a hannuna."

Ba ta jira ya ce komai ba, ta ci gaba.

"Tsofaffin nan abokan Baba sun je sun sami Iya. Wasu na cewa ta tona wa mijinta asiri bayan ransa, wasu na cewa ruɗin tsufa ne. Ƙannena suna ta kira, ɗaya yana kuka, ɗaya yana cewa a cire hoton Baba daga bango. Ita kuma ta rufe kekenta da zane, ta ƙi cin abinci. Abu ɗaya take ta maimaitawa, wai ai ta ce a kashe, kuma ka ce ka kashe. Na ce mata ƙila ta manta ne. Shi ne na zo in ji daga bakinka. Uwata ce ta fara ruɗewa, ko kuwa?"

Ga ƙofa a buɗe an nuna masa. Da zai ce tsufa ne, da Anti Nas ta yarda, don ita ma abin da take tsoro ke nan. Ya dubi takalmanta farare, ɗaya igiyarsa ta kwance.

"Ba ta ruɗe ba," ya ce. "Ta ce in kashe. Na ce na kashe. Ban kashe ba."

Ta yi masa irin kallon da ake yi wa ciwon da aka buɗe aka tarar ya wuce yadda ake zato.

"To, alhamdu lillahi da hankalinta ƙalau," in ji ta. Ta gyara jakarta ta fita, ta ja masa ƙofar a hankali.

Ya daɗe a zaune yana jin kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Daga nan ya tashi ya tafi ofishin Farfesa ya faɗa mata komai a tsaye. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta cire tabarau ta murza idonta, ta ce ita ma da laifinta, tun a baranda jikinta ya ba ta amma ta zaɓi ta yarda don abin ya yi mata daɗi a kunne. Ta ce dole ta kai maganar gaban kwamiti, za a dakatar da aikinsa, kuma duk hirarrakin Iya sun fita daga ciki sai in ita ce ta ce a bar su.

"Wannan duk mai sauƙi ne," in ji ta. "Mai wuyar yana layin ƙarshe. Kuma ba zan raka ka ba."

Washegari ya shiga kwatas. Benci na nan a ƙofar shagon mai rediyo, tsofaffin na zaune. Ya yi sallama, aka amsa a daƙile, ba wanda ya matsa masa wuri. Ya bi layin yana jin idanu a bayansa, tafiyar da ya saba yi cikin nishaɗi ta zame masa kamar hawan dutse.

Anti Nas ce ta ɗaga labule. Iya na zaune a bakin gado, ba a gaban keke ba, ta rame cikin 'yan kwanakin nan. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta.

"Lafiya lau, Malam," ta ce. "Ya aiki?"

Malam. Kalmar ta fi mari zafi. Ya fara jero abin da ya shirya a mota, cewa ya ci amana, ba shi da hujja, ya roƙi waɗanda suka yaɗa abin su cire duk da ya san ba zai ciru duka ba. Ta bar shi ya kai ƙarshe.

"Ni ban san aikinku ba," in ji ta. "Ƙila haka ake yi. Amma na tambaye ka, ka dube ni ka ce ka kashe. Da ka ce mini, Iya, wannan maganar tana da amfani, ki bari a ɗauka, da ƙila na ƙi, ƙila kuma in yi tunani in yarda, in fara gaya wa 'ya'yana da bakina. Kai ba ka bar mini ko ɗaya ba. Mutumin nan abu ɗaya ya roƙe ni a duniya. Yanzu yaran da ba su san zafin tanderu ba suna zaginsa a waya. Ba su ga fuskarsa a hanyar nan ba. Ni na gani."

Ya fito da rikodar da hannu biyu ya ajiye a ƙasa. Ya ce ya goge na cikin kwamfuta, wannan ne kaɗai ya rage, zai goge a gabansu, ko kuma su riƙe abin gaba ɗaya.

"Dakata," in ji Anti Nas. "Abin da na ji guntu ne. Ina so in ji duka. Ko sunansa ban sani ba."

"Babu sunansa a ciki," in ji Iya. "Ban faɗa ba. Kuma ba daga bakin ƙarfe za ki ji labarin yayanki ba alhali ina zaune. Goge, Malam."

Ya goge, ya juya musu fuskar rikodar su gani, duk da ya san Iya ba ta karanta abin da ke jiki. Ta matsa gefe a kan gadon ta dafa wurin da hannu, 'yarta ta zo ta zauna. Sannan ta dube shi.

"Ka gaida gida."

Ya tashi ya fita. Yana sa takalmi a waje ya ji muryarta ta fara, ƙasa-ƙasa, ya yi sauri ya bar ƙofar don kada kunnensa ya ɗauki ko kalma ɗaya.

Kwamiti ya dakatar da shi shekara guda, aka kuma karɓe ajin da yake koyarwa aka ba wani. Baƙon malamin nan ya kira shi sau biyu yana son su yi aiki tare a kan muryar, Mai Rikoda bai ɗauka ba, daga baya ya rubuta masa gaskiyar abin da ya faru, malamin kuma bai sake kira ba. Maganar waya ta yi zafinta ta huce kamar yadda irinta ke yi. Ya ji a bakin mutane cewa hoton Sakatare na nan a bango, kuma Iya ta buɗe kekenta, har ta kai 'ya'yanta uku inda aka binne yaron, sai dai an gina wurin ajiye motoci a kai, ba ta iya nuna daidai gurbin ba. Duk watan duniya yana aika mata gaisuwa ta hannun mai rediyo. Amsar ba ta sauyawa: tana amsawa. Ba ta taɓa cewa ya zo ba.

Da wa'adin ya cika ya koma kwatas don ƙarasa aikin, ya tarar da yawancin ƙofofin sun rufu. Waɗanda a da suke rige-rigen ba shi labari yanzu sai su ce ƙafa na ciwo, ko sun manta. Da ƙyar wani tsoho da ya yi aikin hura kwalba, wanda tari ya kusa cinye masa murya, ya ce ya zo, amma da sharaɗi.

"Ni zan riƙe abin."

Mai Rikoda ya miƙa masa rikodar. Tsohon ya sa ya nuna masa wurin kunnawa da wurin kashewa, ya gwada, ya sake gwadawa, ya ɗora ta a cinyarsa fitilar na kallonsa. Ya yi magana mai tsawo a kan yadda ake juya narkakken gilashi a bakin bututu, da yadda leɓe ke tsagewa, da wani abokinsa da kwalba ta fashe masa a ido. Da suka zo kan makon ƙarshe na yajin, sai ya rage murya.

"Akwai abin da ya faru a ɗakin taro ranar da za a sasanta, wanda mu huɗu kawai muka sani. Sauran ukun duk sun rasu."

Ya danna maɓallin, fitilar ta mutu. Bai tsaya nan ba, ya juya rikodar ya buɗe bayanta da farce, ya zare batiran ya jefa a aljihun rigarsa. Ya gyara zama, ya buɗe baki, ya dubi Mai Rikoda. Ya daɗe yana dubansa. Sai ya yi tari, ya girgiza kai.

"Bari dai," ya ce. "Ba wani abu ba ne."

Ya mayar masa da rikodar da batiran daban-daban. Mai Rikoda ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya yi masa fatan samun sauƙin tarin. Bai roƙe shi ba, don ya san ba shi da bakin roƙo. Ya fito ya bi ta bayan katanga zuwa tashar mota, hanyar da ta fi nisa, wadda ba ta bi ta layin ƙarshe.